Inda Keke Ke Bi a Ƙasar Kurfai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga mahaifinka Alzuma, a Filinge, zuwa ga ɗana Isuhu. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da sharrin hanya da na abin da ke kanta, Ya haɗa ka da mutanen kirki duk inda rana ta faɗa maka.

Bayan haka. Jibi in Allah Ya kai mu za ka kama hanyar Yamai, inda aka ɗauke ka aikin gidan waya, kuma ka ce a kan kekena za ka tafi. Na ba ka shi da zuciya ɗaya. Kwanakin nan ina zaune bakin zaure ina kallonka kana koyo a filin bayan masallaci, kana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yau. Jiya da ka zagaye filin ba ka sa ƙafa ƙasa ba, na ga kallon da ka yi wa ƙannenka. Na san wannan kallo, ni ma na taɓa yin sa. Kana tsammanin ka gama. To, hawa shi ne ƙaramin abu a sha'anin keke, babban kuwa sanin inda za ka bi da shi. Ka san halina, in na fara doguwar magana muna fuska da fuska sai in ɓige da faɗa. Shi ya sa na ɗauko alƙalami da tawada. Ka riƙa karantawa in ka sauka hutu a hanya.

Ina ƙaramin yaro Nasara suka shigo ƙasar Kurfai. Abin da na riƙe na ranar kaɗan ne: ƙarar ƙaho daga kudu, da innata da ta cusa ni cikin rumbu ta ce kada in yi tari. Na taso doki ne abin hawan namiji. Kakanka ya ɗora ni a sirdi tun ƙafata ba ta kai likkafa ba, kuma saboda dokin ne aka ɗauke ni ɗan aike a buro, wato ofishin kumandan, Banasaren da ke mulkin ƙasar, ina kai takardu wurin masu gari. Na san ƙasar nan kamar yunwar cikina, ko kuwa haka na ɗauka.

Wata damina ciwo ya faɗa wa dawaki, nawa ya bi sahu. Kumandan na lokacin, wanda muke kira Mai Lofe don lofe ba ya barin bakinsa, ya sa aka kawo keke daga Yamai. A bayan raƙumi ya iso, ɗaure da igiya, gari duk ya fito kallo. Da ina da hankali da tun nan na gane wani abu: abin hawan da sai da aka yi masa abin hawa kafin ya iso garinmu. Tafinta ya kira ni ya ce, "Alzuma, kumandan ya ce ga sabon dokinka. Su belo suka ce mishi. Ba shi cin dawa, ba shi shan ruwa, ba shi mutuwa."

Na ce, "To mi shika so?"

Ya yi dariya ya ce, "Ƙahwahunka."

Na sha faɗuwa, tabon da ke gwiwata ta hagu ka san shi. Amma cikin ƴan kwanaki na iya, aka ba ni takarda in kai Bonkuku. Sai na yi abin da na saba, na bi tsakiyar kwari, hanyar da doki ke bi yana rawa. Ban yi nisa da gari ba taya ta nitse cikin yashi. Na taka feda da ƙarfin tsiya, keke ya tsaya cik, ya ajiye ni a gefe. Na hau, ya sake ajiye ni. Daga nan na koma turawa, da turawar ta gagara na ɗora shi a ka. Mutane na sassabe a gonaki suna ɗaga kai suna gaishe ni. Wani abokin wasana ya ɗaga murya ya ce, "Sannu Alzuma! Yau dokin ne ya hau ka?" Har ya mutu bai bar ni da wannan magana ba, Allah Ya jiƙansa.

Ka riƙe wannan tun yanzu. Abin da ka sani a ƙafa ko a bayan doki, ka ajiye shi, ka koma ɗan koyo a ƙasar da aka haife ka. Keke yana da tasa ƙasar a cikin tamu, kuma sai ka neme ta.

A ranar nan ce na haɗu da wadda ta fara nuna mini ita. Na zube ƙarƙashin wani gawo ina haki, sai ga wata dattijuwa da jakuna biyu ɗauke da tukwane, ta ratso don ta shayar da su a rijiya. Ta-Allah sunanta, mai ginin tukwane ce, tana bin kasuwanni tun daga Filinge har Baleyara. Ta dubi keken, ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, wa yac ce ka biyo ta nan da wanga kaya?"

Na ce, "Inna, ai nan ce hanya."

Ta ce, "Hanyar masu doki ce. Jakina ba shi son yashi, tukunyata ba ta son dutse. Tashi ka biyo mu ka gani."

Na bi bayan jakunanta ina tura keke, muka fita daga tsakiyar kwari muka nufi gindin tsauni. Ashe can, inda ruwan sama ke gangarowa ya wanke yashi, akwai wata siririyar turba a kan fako, ƙasa mai tauri da ƴar tsakuwa, ba ta fi faɗin tabarma ba. Na shekara nawa ina wucewa ina hango ta daga sirdi, ban taɓa sanin tana da amfani ba. Na hau. Isuhu, keken nan ya tafi kamar an zuba masa mai. Na waiwaya ina yi mata godiya, ta ɗaga mini hannu tana cewa in dubi gabana kada in fasa kaina.

Daga ranar na koyi karanta sawu. In ka ga sawun jaki mai kaya, da kashinsa a jere, bi shi, domin jaki ba ya wahalar da kansa a banza. In sawun raƙumi ne ka yi hattara, shi yashi katifarsa ce. Burtalin shanu da rani ya zama gari, kada ka shiga. Turbar mata masu zuwa rijiya tana da tauri da daɗin bi, sai dai a rijiya take ƙarewa. Kuma in za ka yi tambaya, ka nemi masu tukwane, da masu kanwa, da masu kai hatsi kasuwa. Kada ka ce, "Akwai hanya?" Kowa zai ce akwai, kuma bai yi ƙarya ba. Ka ce, "Ƙafa tana nitsewa?" In kuma mutumin ƙauye ya nuna maka da leɓe ya ce nan kusa ne, ka cika gorarka tukuna.

Da na gane turbobin gindin tsauni sai abin ya shiga jinina. Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa jin daɗi irin na shekarun nan ba. In fita bayan asuba, gari shiru sai kukan zakaru da sautin taɓarya, taya na ƙus-ƙus a kan tsakuwa, zabin daji na tashi a gabana. Da kaka gero ya yi kai a dama da hagu, ƙanshinsa na bugun fuska. Akwai wata gangara kusa da wasu goriba guda uku, inda nakan ɗauke ƙafafuna daga feda in bar shi ya tafi da ni, rigata ta cika da iska. Ni magidanci da iyali, amma in na zo wurin nan sai in ji ina ihu ni kaɗai. Har yau in na rufe ido ina ganin gangarar.

Daɗin nan ne ya kusa halaka ni. Wata rana da bazara ba ni da aike, na ce bari in hau tudu in ga inda wata turba ta yamma ta nufa. Iska na bayana tana tura ni, ni kuwa na ɗauka ƙarfina ne. Na yi ta tafiya, ko gumi ban yi ba, ina cewa bari in kai wancan icce, in na kai in ce bari in kai na gaba. Sai da rana ta take tsaka na juyo. Nan na san na yi wauta. Iskar da ta raka ni ta tsaya a ƙirjina kamar bango. Gorata ƴar ƙarama ce, na riga na shanye. Don in rage hanya na ratsa ta wani kufai inda aka taɓa zaman shanu, wurin kuwa cike da tsidau. Tayoyin biyu suka sace. Famfo da kayan liƙi na baro su a gida, wai don kada su yi mini nauyi.

Na tura har harshena ya kumbura, idona ya fara ganin duhu-duhu. Na kwanta a inuwar wata aduwa da ba ta da inuwar kirki, na yi kalmar shahada. Wani Bafillace makiyayi ne ya tsince ni, Sambo, wanda ka sani, mai kawo mana nono da kaka. Ka sha tambayata dalilin da ya sa nake tashi tsaye in ya shigo, ga shi yau ka ji. Ya ɗiga mini ruwa kaɗan-kaɗan, ya hana ni kwankwaɗa, sa'an nan ya ba ni madara. Da na dawo hayyacina ya zagaya keken yana taɓa shi da sanda, ya ce, "An ce mini ba ya shan ruwa."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "To kai ma sai ka ɗauka ka zama shi?"

Saboda haka, duk sabuwar hanyar da za ka gwada, ka fita kana fuskantar iska, don ta rako ka gida lokacin da ka gaji. Ka juyo tun kana jin sauran ƙarfi. Yau ka je kusa ka dawo, gobe ka ƙara kaɗan, da haka ƙasa ke buɗe wa mutum. Gora babba, famfo, da kayan liƙi, kada ka fita ba su ko da bayan gari za ka. Ka guji kufai da tsohon masaukin dabbobi, nan tsidau ke yaɗo. Tafiyarka ta zama ta safe da ta la'asar, tsakar rana ka ba ta haƙƙinta a inuwa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙaya, shi ne mutane, kuma nan laifin nawa ne ɗungum. Ka san a zamanin, takardar buro ba ta cika kawo alheri ba. Sau da yawa kiran samari ne zuwa aikin dole, su fasa dutse su yi wa mota hanya. Ni ban iya karanta abin da ke ciki ba, amma na san abin da ke biyo bayana. Duk da haka ƙuruciya ta sa in na shigo gari sai in shigo a guje ina kaɗa ƙararrawa, kaji na watsewa, ina jin kaina wani abu.

Haka na faɗa wani ƙauyen Zabarmawa a ƙasar Tondikandiya, ina neman hanyar Damana. Mata a bakin rijiya suka saki guga, samari suka tsallake darni suka shige gonaki. Wani tsoho kaɗai ya rage yana tufkar igiya. Ko sauka ban yi ba, ƙafa ɗaya a ƙasa, na ce, "Kai tsoho, ina hanyar Damana?" Ya nuna mini wata turba da haɓa. Na bi ta. Ta yi ta hawa da ni cikin duwatsu har ta kai ni bakin wani rami mai zurfi, ta ƙare nan. Turbar awaki ce. Na dawo da la'asar, ƙafafuna duk ƙujewa, raina a ɓace, na same shi inda na bar shi. Ashe yana jin Hausa sarai. Na ce, "Baba, don mi ka ɓad da ni?"

Bai ɗaga kai ba ya ce, "Yanzu na zama baba? Ɗazu ka shigo mana kamar gobara. Wa ka taɓa gani ya nuna wa gobara hanya?"

Na jingine keken, na tuɓe takalmi, na tsuguna na gaishe shi kamar yadda ya kamata tun farko. Ya sa aka kawo mini ruwa da fura. Gidansa na kwana, da safe shi da kansa ya taka ya nuna mini turbar gaskiya, wadda ke bayan rumbunansu. Ya zama mai masaukina har ƙarshen ransa.

In ka hango gari, ka sauka tun daga bakin gonaki ka shiga kana turawa. Ka yi sallama, ka tambayi lafiyar gida da ta dabbobi kafin ka tambayi hanya. In yara suna so su taɓa, bar su su taɓa. Daga Tondikandiya zuwa Yamai Zabarmanci za ka fi ji, ka riƙe ko kalma biyu: fofo ita ce gaisuwa da godiya, fondo ita ce hanya. Kai ma kayan gwamnati za ka sa, kuma mutane ba su manta ba.

Na ƙarshen nan ban taɓa ba ka labarinsa ba, kana goye aka yi shi. Kakanka a lokacin ya koma zama a ƙauyen gonarmu ta arewa. Shi bai taɓa son keken ba, yakan ce abin da ba ya haniniya ba abin hawa ba ne. Wata safiya a farkon damina, bayan an kwana ana ruwa, maƙwabcinsa ya iso a kan jaki ya ce jikin tsoho ya tsananta, yana kirana. Ya sha ruwa ya juya, ni kuma na tsaya neman izini a buro, sa'an nan na ɗauko keke.

Hanya biyu ce. Akwai ta gindin tsauni wadda na sani, mai zagaye. Akwai kuma wata da ta yanke ta cikin fadama, wadda na sha hangowa da rani a bushe ƙaf, ina cewa wata rana zan gwada. Innarka ta biyo ni har ƙofar gida da kai a bayanta, ta ce, "Malam, ka bi wadda ka sani."

Na ce, "Wagga ta fi kusa, kafin hantsi na isa."

Ta ce, "Ka taɓa bin ta?"

Na hau, na nufi ta fadama.

Da farko ta yi kyau. Da na shiga tsakiyar fadama sai laka ta fara kama taya, tana taruwa har ƙafafun keken suka daina juyawa. In kankare da icce, in yi ƴan taku, ta sake cikawa. Na ɗauke shi a kafaɗa ina nitsewa har ƙwauri. Da na fita daga lakar sai na tarar da ƙorama ta kawo, ruwa ja yana gudu da itatuwa, a wurin da na sani busasshen rairayi. Ba dama in ƙetare, komawa baya kuma ta yi nisa. Na zauna a bakin ruwan nan ina kallonsa yana janyewa a hankali, ina roƙon Allah, rana tana tafiya.

Da la'asar na isa. Tun daga nesa na hango mutane suna dawowa daga maƙabarta da fartanya a kafaɗa, a cikinsu har da maƙwabcin nan mai jaki. Shi ta tsohuwar hanya ya bi, ya sami kakanka da rai, har ya gaya masa ina tafe. Innata ta ce mini tun daga lokacin tsoho ya sa aka ɗage tufanyar ƙofar ɗaki, kuma duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Ku yi shiru. Kamar na ji ƙararrawar yaron nan."

Kwana ya ƙare, na sani, ko da na iso ba zan ƙara masa numfashi ɗaya ba. Amma da na riƙe hannunsa. Isuhu, ranar gaggawa ba ranar gwada hanya ba ce. Sabuwar turba ka gwada ta ranar da ba mai jiranka. Kuma hanyar da ka sani da rani, in ruwa ya sauka ka ɗauka ba ka san ta ba. In matarka ko wani naka ya ce ka bi wadda ka sani, ka tsaya ka saurara, ko da shi bai taɓa hawa keke ba.

Game da tafiyarka ta jibi, ka riƙe gindin tsauni har Bonkuku, ka kwana nan ko da kana jin za ka iya ƙarawa, domin cinyoyinka ba su saba ba, kuma sirdi zai gaya maka magana a rana ta biyu. Daga nan ka bi sawun masu kai hatsi har Baleyara. In ka dace da ranar kasuwa, ka sauka ka tura, shanun kasuwa ba su san keke ba. Bayan Baleyara hanya za ta fitar da kai daga kwari ta hau tudu, kan jar marmarar da mutanenmu suka fasa da hannunsu. Tsakiyarta tana da kunya-kunya mai girgiza haƙora, gefe ya fi laushi. In ka ji ƙugin mota, sauka ka ba ta wuri, ba a jayayya da ita.

Yamai kuwa sau kaɗan na je, ba zan yi maka ƙaryar sani ba. Can sai ka nemi naka turbobin kamar yadda na nemi nawa. Ka fara da zagayen unguwarku, sa'an nan bakin kogi da sassafe, inda na ga masu lambu suna bi da jakunansu. In ka ga wani mai keke da ya girme ka a hawa, ka gaishe shi ka roƙi ya tafi da kai wata rana, tafiyar biyu ta fi ta ɗaya ko don ranar da taya ta sace. Ka riƙa wanke sarƙa kana sa mata mai, yashi ne ajalinta. In ka rubuto mini, bayan gaisuwa ka ba ni labarin hanyoyin da ka samo, inda suka bi da abin da ke gefensu. Gwiwoyina sun ƙi feda yanzu, amma in ka faɗa mini da kyau zan gan su.

Innarka ta daka maka dakuwa da garin fura. Ta ce ba za ta fito rakiya ba, wai tana da aiki. Ba ta da aikin komai. Ka shiga ɗakinta ka durƙusa ka yi mata sallama, kada ka yi sauri.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa ka fi mu sanin hanya, Ya tsare ka daga ƙishirwa da ɓata da mugun abokin tafiya. Allah Ya ba ka farin jini a wurin manya da ƙanana, Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya dawo mana da kai muna masu rai. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini faɗan da na sha yi maka.

Ni zan raka ka har bayan gari, inda fako ya fara. Abu ɗaya nake roƙo: ka bar ni in tura shi da hannuna har can. Daga nan kuma naka ne.

Wassalam.

Mahaifinka,
Alzuma